Ku Tambaya Mu Amsa: Picador a Bango, Macmillan a Ciki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na sayi wani littafin labari na Turanci wajen masu baza littattafai a ƙasa, a bango an rubuta Picador amma da na buɗe ciki sai na ga Pan Macmillan, shi ne abokina yake ta min dariya wai jabu aka sayar min. Don Allah jabu ne? Kuma wannan Macmillan ɗin shi ne dai na littattafanmu na firamare? Daga wani ɗalibi, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗalibi. To ka ce wa abokin naka ya rage dariyar, sunaye biyun nan ba su ne ke nuna jabu ba. Gida ɗaya ne. Manyan kamfanonin ɗab'i haka suke yi, kamfani ɗaya sai ya riƙe tambari biyar ko goma, kowane tambari da irin littafin da ake bugawa da shi da editocinsa, kamar dai Alhaji ne mai rumfuna da yawa a kasuwa, wannan ta atamfa waccan ta shadda, kowacce da sunanta a allo amma da yamma cinikin aljihu ɗaya yake shiga.

Shi Macmillan ɗin tsohon gida ne sosai, wasu 'yan'uwa biyu, Daniel da Alexander Macmillan, 'ya'yan manoma daga wani tsibiri a Scotland da ake kira Arran, su suka kafa shi a 1843. Da sayar da littafi suka fara kafin bugawa ta kankama, kuma a garin Cambridge suka yi ƙarfi saboda malaman jami'a da ɗalibai, ka ga ke nan tun asali da littafin makaranta suka tashi. Daniel bai yi tsawon rai ba, ya rasu a 1857, ƙanen ne ya ja ragamar. Mujallar kimiyyar nan Nature da malaman jami'a ke rububin a buga musu aiki a ciki, su suka fara fitar da ita a 1869. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba, Harold Macmillan, Firayim Ministan Birtaniya lokacin da Najeriya ta samu 'yancin kai a 1960, jikan Daniel ne, da ya sauka daga mulki a 1963 ma gidan littafin ya koma.

Yanzu ga inda naka ya shigo. Pan wani kamfani ne daban da aka kafa a 1944 yana buga littattafai masu laushin bango masu araha, shi ya ƙirƙiro Picador a 1972 don adabi mai ɗan nauyi, daga baya Macmillan ya mallaki Pan gaba ɗaya, shi ya sa kake ganin Pan Macmillan. A da akwai kuma Palgrave na littattafan jami'a, kafin ya koma ƙarƙashin kamfanin Springer Nature a 2015, a Amurka kuma akwai St. Martin's Press da Tor mai labaran ƙirƙirar kimiyya. Kuma fa yau gidan ba na Turawan Ingila ba ne, wani kamfanin Jamus mai suna Holtzbrinck ya sayi kaso mafi yawa a 1995 ya ƙarasa saura a 1999, sunan kawai aka bari don suna ne ke sayar da kaya.

Maganar firamare kuwa eh, dangi ne. Kai da kake Zariya ma abin a ƙofar gidanku yake, don NNPC, ba ta man fetur ba fa, ta littattafai, wato Northern Nigerian Publishing Company, an kafa ta ne a 1966 da haɗin gwiwar Kamfanin Gaskiya da Macmillan, ita ta ci gaba da buga littattafan Hausa irin su Magana Jari Ce da aka gada tun zamanin Hukumar Talifi. Yayyenka kuma ka tambaye su Pacesetters, ƙananan littattafan soyayya da na 'yan sanda da Macmillan ya fara fitarwa a 1977, mu dai a makarantar kwana a ƙarƙashin bargo muke karanta su da tocila, littafi ɗaya sai ya zaga ɗaki kaf har bangon ya cire.

Amma kar ka ce na wanke littafinka fa. Masu satar bugu har tambarin suke kwafewa, don haka ni ba suna nake dubawa ba, takarda nake dubawa. Ɗaga shafi ɗaya a hasken rana, in kana hango rubutun baya ƙarara, ko tawadar wani wuri ta yi baƙi ƙirin wani wuri ta dushe, ko ka buɗe tsakiya gam ɗin ya ce ƙas shafuka suka fara zubowa, to abokinka ya ci gari ko da dalilinsa ba daidai ba ne. Nawa ma ka saye shi? Wannan ɗin ba ka faɗa min ba.