Dusar da na saya ta kashe min aladu, zan iya kai ƙara?

Tambaya: Barista, ina kiwon aladu a Billiri. Na sayi buhu goma na dusar masara, ban cika mako da fara ba su ba sai suka kama haki, baki a buɗe, shida suka mutu. Likitan dabbobi ya ce gubar funfuna ce. Mai kaya ya ce ciniki ya ƙare, ba ruwansa.

Amsa: Sannu da wannan asara, Baba. Abin da ka kwatanta ya yi kama da aikin fumonisin, gubar da funfunar masara ke haifarwa. Tana raunana bugun zuciyar alade, jini ya kasa wucewa, ruwa ya taru a huhu, dabba ta shaƙe cikin 'yan kwanaki. Aflatoksin kuwa, wata gubar funfunar ta daban, hanta take ci. Ka sa likitan ya rubuta wacce yake zargi, domin alƙali zai tambaya.

Maganar "ba ruwana" ba ta da ƙafa. Dokar cinikin kaya ta ɗora wa ɗan kasuwa alhakin kayansa su dace da abin da aka saye su dominsa, ko da bai san da aibin ba. A 1968 kotun ƙolin Ingila ta kama dillalai da alhaki kan abincin tsuntsaye mai garin gyaɗar Brazil da aflatoksin ta gurɓata, kuma kotunanmu na sauraron irin wannan hukunci.

Inda gizo ke saƙar shi ne hujja. Lauyan mai kayan zai ce lafiya lau dusar ta bar shago, a ɗakinka ta sha rima. Don haka kada ka zubar da ko mudu guda. Buhunan da ba a kwance ba su ne shaidarka mafi ƙarfi: a ɗebi samfur gaban likita da shaidu, a gayyaci mai kayan ya gani da idonsa, a rufe, a sa hannu, a kai gwaji. Idan wata dabbar ta sake mutuwa, a buɗe gawar kafin a binne. Akwai cibiyar binciken dabbobi a Vom, jihar Filato. Rasit fa? Na san kasuwarmu, da wuya. Shaidar tura kuɗi ta waya ko mai amalanken da ya yi dakon za su taimaka.

NAFDAC na iya bin sawun kayan, amma ba ta biyan diyya. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, kuma ba zan jingina da ita ba, don dokarta ta 2018 ta fi kare mai saye don amfanin kansa, kai kuwa kiwon sayarwa kake yi.

Ka fara da takardar neman diyya daga lauya: kuɗin dusa, darajar aladun shida, da na magani. In mai kayan ya so sulhu gaban shugabannin kasuwa, a rubuta a sa hannu. In ya ƙi, sai kotu, kuma yawan kuɗin ne zai nuna wacce. Sauran aladun dai a canza musu abinci yau.