Ga mai son gama littafi kafin azumi

Wayyo ƙanwata, ina karanta tambayarki na ji kamar ni na rubuta ta. Kin karɓi kuɗin mutane, kin yi alƙawarin kammala littafin da kike rubutawa kina tura musu a grup ɗin WhatsApp kafin azumi, saura sati 3 ga feji 20 a gabanki, ga yara ga girki ga wayar da ba ta barin mutum ya numfasa. Na san zafin nan wallahi.

Ki fara kashe data. Ba wai ki sa grup a shiru ba, a'a ki kashe ta gaba ɗaya duk lokacin da za ki yi taifin, don wannan "bari in ɗan leƙa" ɗin shi ke kai mutum TikTok sai dai ki ji ana kiran la'asar. Kuma dan Allah kar ki yi taifin a cikin WhatsApp, yaro ɗaya ya ɗauki wayar shi ke nan an gama da ke. Ki buɗe manhajar rubutu ta WPS ko Google Docs, shi Docs ɗin ko ba data za ki yi rubutu, kina kunna datar ya adana miki a akawun ɗinki na Google.

Ni abin da ya kusa sa in bar rubutu ma ba lokaci ba ne, mutane ne. Ina tsakiyar wani littafina na kuɗi zazzaɓi ya kwantar min da yaro har aka ba mu gado, ina kan tabarma a gefensa ana masa ƙarin ruwa, cikin dare in ya samu barci in jona fawa banki in ɗan taɓa taifin idona na yaji. Na sanar a grup cewa ina asibiti. Wata baiwar Allah da ta biya naira 500, wallahi naira 500, ta yi bois ta ce ai dama haka marubuta muke, 'yan damfara, in mun ci kuɗi sai mu ƙirƙiro ciwo. Ta ce in da gaske ne in turo hoton yaron. Hoton ɗana fa, yana kwance da allura a hannu! Na fita baranda na yi kuka har wata nas ta zaci rasuwa aka yi min. Kuma kin san abin haushin? Daga baya aka gano ita ce ke fitar min da littafin zuwa grup ɗin kyauta, ni ina taifin da babban yatsa ya kumbura ita tana raba wa duniya. Har yau ba ta ce yi haƙuri ba, na bar ta da Allah, amma in na tuna bois ɗin nan raina sai ya ɓaci.

Shi ya sa nake ce miki kar ki karanta kwament sai kin rubuta "Alhamdulillah" a ƙarshen littafin. Ki samu wata aminiya ki ba ta admin ta riƙa fostin tana amsa masu ƙorafi. In kika biye musu wannan ta ce a kashe kishiya, waccan ta ce a saki uwargida, feji 20 sai ya koma 40.

Ki samu takarda da biro yau ɗin nan ki rubuta abin da zai faru a kowane feji, layi biyu biyu, har ƙarshe. Bayan sallar asuba kafin yara su tashi shirin makaranta, lokacin nan ya fi min kowane albarka, kai a sake gida shiru. Kar ki tsaya gyaran kuskure, ki wuce kawai, ranar Juma'a kya bi ki gyara. Nepa na kawo wuta ki sa caji kafin ki tuna da guga. Maigida kuma ki faɗa masa gaskiya da wuri, sati ukun nan a yi haƙuri da dafa-duka da taliya.

Fostin ma ba dole sai kullum ba, ki ce musu sau uku a sati, ki riƙa tara na ajiya saboda ranar da baƙi za su faɗo miki ko biki ya taso, kin san yadda ake jera bukukuwa gab da azumi. Ki turo min tsarin fejin naki ta bayan fage in duba miki inda za a iya taƙaitawa, da daddare nake kunna data.