Tambaya da Amsa: Yaron da Karatun Aji Ya Wuce Shi

Tambaya: Ɗana yana aji huɗu na firamare, amma har yanzu jimla ɗaya sai ya yi ta daddatsa ta kafin ya kai ƙarshe. Shekara guda ke nan yana zuwa darasin yamma, ban ga canji ba. Yanzu ana ba ni shawarar shirin cike giɓi na lokacin hutu. Me ya bambanta su? — Wata uwa

Amsa: Malama, ki fara bincikar abin da ake koyarwa a darasin yamman. Galibi aikin aji huɗun ake maimaitawa, a taya yaro aikin gida, a tashi. Wanda bai gama haɗa baƙi da wasali ba kuwa, ko sau goma aka maimaita masa wannan darasi ba zai zauna ba, don babu abin da zai zauna a kai. Shirin cike giɓi na ƙwarai yakan ajiye littafin ajin a gefe, ya fara daga inda yaron ya tsaya.

Ana gano wurin da gwajin baki na minti biyar zuwa goma, yaro ɗaya da malami ɗaya. A ba shi gajeren sakin layi mai jimla huɗu. In ya karanta a sake, kuskurensa bai wuce uku ba, a ba shi gajeren labari. In ya kasa, a sauko zuwa kalmomi biyar, ana neman huɗu daidai. In nan ma ya kasa, sai haruffa biyar. Matakai biyar ke nan: mafari (wanda bai gane haruffa ba tukuna), harafi, kalma, sakin layi, labari. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta yaɗa wannan tsari, kuma da irin gwajin take auna yaran ƙauyukan ƙasar tun 2005. Zambiya ta fara gwada shi a 2016 ga 'yan aji uku zuwa biyar.

Bayan gwaji ana rarraba yara bisa mataki, a manta da aji da shekaru. Ɗan aji biyar zai iya zama kusa da ɗan aji uku, kuma babu laifi, muddin malami bai mayar da abin gori ba. Ana ba karatu awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi kullum, lissafi ma haka, na kwana 30 zuwa 50, sau da yawa a karkasa su kwana goma-goma. Ƙarshen kowane kaso a sake gwaji, wanda ya haye a matsar da shi. Inda aka fi yin tuntuɓe ke nan: a yi gwaji ranar farko, a kafa rukuni, a bar yaro a cikinsa har ƙarshen shirin. Ya riga ya iya kalma ana ta nuna masa harafi, sai gundura ta kama shi ya daina zuwa.

Abu guda kafin ki biya ko ki sa hannu: a duba idonsa da kunnensa. Yaron da ba ya ganin allo sosai yakan yi kama da mara fahimta.

Tambaya: Zan karɓi 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare, kuma da yawansu lissafinsu ya yi rauni. Makonni shida nake da su kafin a shiga manhaja. Me zan sa a gaba? — Wani malami

Amsa: Malam, kada ka yi ƙoƙarin bin manhajar firamare daga farko zuwa ƙarshe, lokacin ba zai isa ba. Abu uku ne ke kayar da yaro idan an shiga aljabara: gurbin lamba (gidan ɗaya, gidan goma, gidan ɗari), jadawalin sau, da ɓangarorin lamba (irin su 1/2 da 1/4). Kuskuren yaro shi zai nuna maka wanne ne. Wanda ya ce 52 a ɗebe 17 saura 45, ya cire ƙaramar lamba daga babba ne a kowane gurbi, bai san ma'anar aro ba. Ba shi tsinkaye a ɗaure goma-goma, ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa ya ɗebi bakwai. Wanda ya tara 1/2 da 1/3 ya samu 2/5, ko ya ce 1/8 ya fi 1/4 don takwas ta fi huɗu, yana kallon lambar sama da ta ƙasa a matsayin lambobi biyu daban. Maganinsa ninke takarda da layin lamba daga 0 zuwa 1, ya ga da idonsa cewa 2/5 bai ma kai rabin da ya fara da shi ba.

Mu za mu ba ɓangarori makonni uku cikin shidan, gurbin lamba da ɗebewa makonni biyu, makon ƙarshe rabawa. Jadawalin sau kuma minti goma kullum tun daga ranar farko, a gauraye, domin mai rera shi a jere yakan kasa 7 sau 8 sai ya faro daga 7 sau 1.

Tambaya: Yara nawa ya kamata su kasance a rukuni, kuma ta yaya zan gane shirin da ba shi da amfani? — Wani uba

Amsa: Malam, ga wanda aka bari a baya sosai, yara uku zuwa huɗu wajen malami ɗaya, aƙalla sau uku a mako, kuma malamin kada ya riƙa canzawa. Rukuni babba ma yana aiki in duka matakinsu ɗaya. Ka nemi a nuna maka sakamakon gwajin shiga da ranar gwaji na gaba. In babu, darasin yamma ne aka sauya wa suna. Bayan an gama, yaron ya riƙa karanta maka littafi daidai matakinsa da babbar murya minti 15 kullum, ka kuma kai wa malamin ajinsa sakamakon gwajin ƙarshe a makon farko na komawa makaranta.