Amsar tambayar Baffa kan ciyawar da ke fure a ƙarƙashin teku

Assalamu alaikum Baffa. Da fatan kuna lafiya da iyali.

Kun ce kun ji labarin cewa mu Hausawan Bur Sudan muna hana yara tuge wata ciyawa da ke cikin teku, kuma masuntanmu ba sa son jefa anga a kanta, har kuka tambaya ko wani camfi ne muka ɗauko a wajen mutanen nan. Ba camfi ba ne, Baffa. Gaskiya ne a wajen ƙabilar Bija da Larabawan gaɓar Bahar Maliya iyayenmu suka koyi wannan ladabi, domin su suka tarar a bakin ruwan. Amma dalilinsa yana cikin yadda ciyawar ke rayuwa da yadda take hayayyafa.

Kada ku ɗauke ta a matsayin gansakuka. Gansakukar teku ba ta da saiwa, ba ta fure, manne wa dutse kawai take yi. Wannan kuwa cikakkiyar shuka ce mai saiwa da ganye, tana fure tana ba da iri. Masana sun ce asalinta daga tsirran tudu ne da suka koma cikin teku wajen shekara miliyan 100 da suka wuce. Duk duniya nau'inta bai wuce 70 da 'yan kai ba, kuma sama da goma daga ciki suna nan Bahar Maliya.

Inda muka fi ganinta shi ne cikin marsa, wato lungunan da teku ya kutso cikin tudu, murjani ya tare musu igiyar ruwa. Idan mutum ya sa tabarau na nutso ya leƙa, zai ga fili kore shar yana kaɗawa, yashi ya kwanta luf a gindinsa. Ya tona da yatsa kaɗan, zai taɓa wani kara fari da ke tafiya a kwance ƙarƙashin yashi, a kowace gaɓa saiwa ta yi ƙasa, ganye ya yi sama. Idan aka karya ganyen aka duba, akwai 'yan ramuka a jere cikinsa. Ta nan iskar da ganye ya samar da rana ke gangarawa har saiwa, domin taɓon da saiwar ke ciki ba shi da iskar shaƙa.

Batun furen ne na san zai fi ba ku mamaki. Ƙanana ne ƙwarai, ba launi ba ƙamshi, sau da yawa a ɓoye a gindin ganye. Mutum zai shekara yana su a wurin bai lura da su ba. Yawancin nau'o'in kamar dabino suke, akwai namiji daban mace daban. To, babu ƙudan zuma a ƙarƙashin ruwa, babu iska, babu mai hawa ya yi barbara da hannu. Ruwan ne ɗan aike. Wasu nau'o'in garin furensu dogo ne siriri, yana shawagi har ya sarƙe a bakin furen mace. Wasu kuma suna sakinsa cikin wani abu mai yauƙi, ƙwayoyin suna tafiya a manne da juna don kada su watse.

Akwai mai dogon ganye da masana ke kira Enhalus, ita ba ta yarda garinta ya jiƙe ba. Furen namiji yana tsinkewa ya taso saman ruwa yana yawo, fari ƙal, ita kuma macen ta miƙo nata a kan dogon sili har ya kai sama. Idan suka haɗu, silin ya nannaɗe ya janye ɗan zuwa ƙasa ya nuna a can. Wata kuma, Thalassodendron, irinta a jikin uwar yake tsirowa, sai ya yi ganye sannan ya rabu da ita ruwa ya tafi da shi. Ni duk sanda na tuna wannan sai na yi tasbihi. A shekarar 2016 ma masu bincike a gaɓar Meziko suka nuna cewa ƙananan halittun ruwa, dangin jatan lande da tsutsotsi, suna ziyartar furen wani nau'in da dare suna kai garin daga namiji zuwa mace.

Duk da haka, ba da iri ta fi yaɗuwa ba. Karan nan na ƙarƙashin yashi shi ne ke cin fili, ta yadda abin da ido ke gani kamar dubban tsirrai zai iya zama shuka guda. A 2022 an tabbatar da haka a wani lungun teku na yammacin Ostareliya: shuka ɗaya ta mamaye tsawon kilomita 180, kuma an ƙiyasta shekarunta 4,500. Wannan shi ne tushen hanin da kuka ji. Yaron da ya ja ganye ba ganye kaɗai ya cire ba, karan ya fizgo. Angar da aka ja a ƙasa, ko farfelar injin da ta shiga ruwa marar zurfi, tana yanka layi a tsakiyar filin, ruwa ya yi ta zaizaye bakin yankan. A nau'o'i masu jinkirin girma, shekaru ake yi kafin wurin ya rufe.

Shi ya sa wanda ya san aiki idan ya shigo marsa yake rage wuta, ya ɗaga injin, ya tsaya a gaban jirgi yana neman farin wuri mai yashi zalla kafin ya saki anga. Masu su a cikinmu ba su da yawa, akasarinmu kasuwa ne da aikin tashar jirage, kuma ba zan ce kowa na kiyayewa ba. Amma wanda aka gani yana jan raga a kan ciyawar, dattawa za su yi masa magana, domin nan ne 'ya'yan kifi da kaguwa ke ɓuya har su girma. Nan kunkurun teku ke kiwo, nan kuma ayun teku ke ci. A arewa da mu, a Dungunab, har yanzu akwai ayu, yana cin ciyawar da saiwarta ya bar layi a yashi. Wurin ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2016.

Ba duk nau'o'in ciyawar ne masu rauni ba. Akwai wata 'yar ƙarama tamu ta nan, Halophila stipulacea, mai saurin yaɗo. Bayan buɗe mashigin Suwez a 1869 ta tsallaka Bahar Rum, zuwa 2002 kuma aka gan ta a tekun Karibiyan, inda take ture ciyawar da ta tarar.

Abin da ya fi damuna ya wuce anga. Ciyawar nan tana son haske sosai, fiye da gansakuka nesa ba kusa ba. Duk inda aka yashe ƙasan teku don jirage, ko aka cike gaɓa don gini, ko ƙazantar gari ta kwarara, ruwa na gurɓacewa, ciyawar da ke can zurfi ita ke fara mutuwa, filin ya yi ta tsukewa zuwa baki. Wannan ba abin da faɗan dattijo zai gyara ba ne, magana ce ta hukuma da masu aikin tashar, kuma a halin yaƙin da ƙasar ta shiga tun Afrilun 2023 ba ta nan hankalin kowa yake ba. Ku sa mu a addu'a.

A gaida Inna da sauran mutanen gida.