Hukuncin jami'an tsaro su rufe shafin intanet kan zargin satar fasaha

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina harkar shirya fim, kuma masu satar fasaha sun karya mu. Na ji cewa a Amurka jami'an tsaro ne ke rufe shafukan irin waɗannan mutane kai tsaye. Shin ya halatta mu nemi a yi mana haka, ko shiga hurumin alƙali ne?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, kukanka yana kan hanya. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disamban 1988, ta zartar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin karewa ne a shari'a, bai halatta a taɓa shi ba. Ga kuma hadisin da ke cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Wanda ya ɗora guminka a shafinsa yana cin kuɗin talla, haram yake ci, kuma biya ya hau kansa. Sai dai ba satar da ake yanke hannu ba ce, don ba a fitar da kaya daga ma'ajiya ba. Hukuncinta ta'aziri ne, wato horon da alƙali ya ga ya dace, da diyyar asara.

Saura wa zai hukunta, kuma ta yaya. Abin da ka ji ya faru. An kafa Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta Amurka a 2002, bayan harin 11 ga Satumba, amma a 2010 reshenta na shige da fice da kwastam, ICE, ya shiga ƙwace adireshin shafuka, har 82 a kame guda cikin Nuwamba. Adalci ne a faɗa cewa suna da dokar da suka dogara da ita, kuma alƙali na sa hannu a takardar ƙwacen. To amma bakin ɓangare ɗaya yake ji. Shafin waƙoƙi mai suna Dajaz1 ya shekara a rufe, aka mayar wa mai shi a Disamban 2011 ba tare da an tuhume shi da komai ba. Rojadirecta kuwa, wani shafin kallon wasanni, kotunan Sifaniya sun riga sun wanke shi, aka ƙwace a 2011, aka saki a 2012. Wa ya biya su asarar waɗannan watanni?

Malamanmu sun daɗe da rarrabe wannan. Al-Mawardi ya ce mai hisba yana hana ɓarnar da ta bayyana, wadda babu musu a kanta, amma da zarar wanda ake zargi ya musanta, magana ta koma gaban alƙali, domin shi ke sauraron shaidu da rantsarwa. Rigimar haƙƙin mallaka kuwa kusan kullum musu ce: wannan ya ce an sace, wancan ya ce izini aka ba shi, ko ya ce kamfanin da kansa ya turo masa don talla. Annabi (SAW) ya umurci Sayyidina Ali kada ya yanke hukunci sai ya ji daga na biyu kamar yadda ya ji daga na farko. Rufe wa mutum hanyar abincinsa hukunci ne, ko da an kira shi matakin wucin gadi.

Akwai abin da nake tsoro ma fiye da wannan. Wuƙar da aka wasa don ɓarawon fim, gobe ita za a ɗora wa ɗan jarida ko mai wa'azin da ya ɓata wa masu mulki rai. Ga shi jami'in da aka ɗauka don tsaron rayuka, a ƙasa irin tamu da ake sace mutane a kan hanya, za a mayar da shi mai gadin kasuwar wani.

Saboda haka abin da na gani shi ne: ya halatta ka kai ƙara, a Najeriya akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka da kotu. Ya halatta jami'in tsaro ya yi bincike, ya zartar da umurnin alƙali bayan an ji ɓangarori biyu. In ana tsoron ɓacewar hujja, alƙali na iya dakatar da shafi na ƙayyadadden lokaci, da sharaɗin a kira mai shi nan take. Amma jami'i ya zama shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne mai zartarwa, wannan bai halatta ba, kuma kada ka nema. In ya rufe shafin wanda bai ji ba bai gani ba, hukumar da ta aike shi ita za ta biya.

Wallahu a'alam.