Gado ne ko tarbiyya? Amsoshin likita kan ƙwaƙwalwa

Tambaya: Likita, mahaifina ya yi fama da taɓin hankalin da ake kira sikizofireniya. Ina shirin aure, amma fargaba ta hana ni sukuni. Ni ma zai same ni?

Amsa: Allah ya kwantar miki da hankali, 'yar'uwa. Ba zan ɓoye miki ba, gado na da hannu. A cikin jama'a, kusan mutum 1 cikin 100 ke kamuwa. Ga wanda uwa ko uba ke da ciwon, kusan 10 cikin 100. To juya lissafin: 90 suna tsira. Ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, idan ɗaya ya kamu, kusan rabin lokaci ɗayan lafiyarsa ƙalau, alhali gadonsu ɗaya ne. Ki nisanci tabar wiwi, ki kula da barci, kuma da zarar kin fara jin muryoyin da wasu ba sa ji, ki ga likita.

Tambaya: Mun karɓi riƙon maraya ɗan wata 18 da ya tashi ba kulawa. Ƙwaƙwalwarsa za ta farfaɗo?

Amsa: Allah ya saka muku. Bayan faɗuwar gwamnatin Romaniya a 1989, an tarar da dubban yara jibge a gidajen marayu, ba mai ɗaukarsu, ba mai yi musu magana. Bincike a birnin Bukarest ya nuna waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su kai shekara 2 sun fi samun ci gaba a fahimta da harshe. Ku yawaita hira da shi, ku rungume shi.

Tambaya: Ɗana mai shekara 17 ya saci kuɗina. An ce ƙwaƙwalwar matasa ba ta gama nuna ba. Ke nan ba laifinsa ba ne?

Amsa: Malam, gaskiya ne sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna abin da zai biyo baya, sai wajen shekara 25 yake kammala. Kotun ƙolin Amurka ma ta duba ƙuruciya a 2005, ta hana yanke hukuncin kisa kan laifin da aka aikata kafin shekara 18. Sai dai alƙalai ne suka yanke wannan, ba na'urar hoton ƙwaƙwalwa ba. Ni zan iya faɗa maka dalilin da ya sa matashi ke gaggawa, amma wanke shi ko ɗora masa laifi ba aikin asibiti ba ne. A ganina, ka sa ya biya kuɗin sannu a hankali, ba tare da tozarci ba, sannan ka zaunar da shi ka ji me ya yi da su.