Farar sifika ta koma ruwan ɗorawa

Tambaya: Malam, fararen sifikun shagona sun koma ruwan ɗorawa. Na wanke da omo, ko gezau.
Mai ɗinki, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi

Amsa: Hajiya, ba dauɗa ba ce, rana da zafi ne suka ci robar. A kwance su, a ware kayan ciki. Ki shafa wa robar kaɗai man haidirojin feroksaid na masu rina gashi, mai ƙarfin kashi 12, ki naɗe da farar leda, ki shanya awa uku, kina juyawa don kada ta yi dabbare-dabbare, sannan ki ɗauraye. Ki sa safar hannu, yana ƙona fata. Tina ta masu fenti kam, na roƙe ki kada ki sa, narkar da robar take yi. Ki nisanta su da taga, launin ruwan ɗorawar yakan dawo.